Fis ɗin da Muka Zare a Hanyar Paraku

Tun da na koma kasuwa bayan sadakar arba'in, babu ranar da wani ba ya tsayawa a bakin rumfata a Kasuwar Kure ya ce, "Asabe, yaya ƙasar Benin take?" Wasu ta'aziyya ce ta kawo su, wasu kuwa so suke su ji ko da gaske mata na tuƙa babur a can. Na gaji da auna masara ina ba da labari guntu-guntu. Malamarmu ta ajin manya ta ce in rubuta in huta. Sai da na haifi biyar na aurar da biyu kafin na riƙe fensir, don haka wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa ya wuce.

Ba yawon buɗe ido na je ba. Yayana Sale, uwa ɗaya uba ɗaya, rewaya ne, wato mai gyaran wutar mota. Ya fi shekara ashirin a Paraku, can ƙasar Benin, inda ya bi motocin da ake shigowa da su daga Kwatano. Matarsa ta rasu a can, Allah bai ba su haihuwa ba. Tsakiyar damina aka bugo mini waya cewa ciwon hanta ya ci ƙarfinsa, likita ya ce a kai shi gida. Duk babba ya san ma'anar wannan magana.

Innarmu tana unguwarmu ta Limawa, a gidan da kakanmu ya gina lokacin da ya zo daga Katsina aikin reluwe. Ta haura tamanin, idanunta sun tafi. Da na faɗa mata, sai ta ce, "Ki kawo mini shi da ransa. Ganinsa ba zan yi ba, muryarsa nake so in ji."

Mazan gidanmu suka ce a zauna a yi shawara. Na bar su a zaure suna shawararsu, na je na samu Ndagi, direban tasi, abokin marigayi mijina. Yaya yana da mota a can, ana bukatar wanda zai tuƙo ta. Ndagi Banufe ne, ni jikar Katsinawa, ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. Na ce, "Bawana, shirya, ubangijiyarka za ta yi tafiya." Ya ce, "Hajiya, kai ne bawa. Amma don Sale zan je." Haka Hausarsa take, mace da namiji duk "kai" ne a wurinsa.

A motocin haya muka tafi. Bida, Mokwa, muka kwana New Bussa a gidan wata ƙanwar matar Ndagi da ta cika mu da kifi. Washegari muka shiga dajin da ke tsakanin Wawa da Kayama. A nan na ga mota ta yi tsit. Mutanen da suke musun ƙwallo tun tasha kowa ya kama carbi, har da wanda na tabbata bai yi sallar asuba ba. Direban ya ce wannan daji da rana tsaka ake ratsa shi, rana ta karkata ba mai shiga saboda 'yan fashi. Hanyar kuwa, sai dai a ce ramuka ne da ɗan titi a tsakaninsu.

A iyakar Chikanda aka nemi katin shaida da katin allura. Wata mata a gabana ta dangwala yatsa, ni na karɓi biro na rubuta sunana. Jami'in ya gaji da jirana, amma ban bar harafi ko ɗaya ba.

To, ga amsar masu tambaya. Eh, mata na tuƙa babur. Na ga wata da ta girme ni, da ɗaurin ɗankwali a ƙarƙashin hular kwano, da buhun doya a baya, ba wanda ya ko waiga ya kalle ta. Burodinsu dogo ne kamar muciya, bayansa na yanka dadashi. Rana ta take sai ka ga an rufe shaguna an tafi barci, abin da in ka yi a Kure sai a ce aljanu sun taɓa ka. Gaisuwarsu kuma ba ta ƙarewa. Mutum biyu za su durƙusa suna "oo, oo" har ka yi alwala ka dawo ba su tashi ba. Da na saba cewa Nufawa sun fi kowa doguwar gaisuwa. Na nemi gafarar Ndagi, ya ce sai na rubuta masa a takarda.

A Zangon Paraku muka sami gidan. Mai gidan wata dattijuwa ce Babarba, 'yar ƙabilar garin, Iya Bake, wadda ta yi wata uku tana jinyar Yaya ba dangin iya ba na baba. Hausarta kaɗan ce. Ta kama hannuna ta kai ni ƙofar ɗaki, ta tsaya daga waje.

Ban gane shi ba. Mutumin da yake ɗaga batir da hannu ɗaya ya koma ƙashi da ciki, idanunsa kamar an zuba musu kurkur. Ya dube ni ya ce, "Wa ya bar ki kika ƙetare boda? Ba su da 'yan sanda ne?" Na ce, "Su ma tsorona suke ji." Sai na fita bayan ɗaki na yi abin da zan yi, na wanke fuska na dawo.

Iya Bake ta yi mana sakwara da miyar gyaɗa da wani soyayyen cuku mai jan baya da suke kira wagashi. Na ci don kada ta ji haushi. Kwana biyu muka yi muna haɗa kayansa. Kaya ba yawa: tufafi, takardun mota, da wata tsohuwar jakar kayan aiki da ya ce in an bar ta shi ma a bar shi. Ranar tafiya Iya Bake ta durƙusa a bakin motar ta yi ta magana da yarensu tana kuka. Ban ji kalma ɗaya ba, kuma babu abin da ban gane ba.

Lissafinmu shi ne mu ratsa daji kafin la'asar, mu kwana New Bussa, washegari kafin azahar muna Limawa.

Motar Yaya ta zamani ce, ba irin akwalar da Ndagi ya saba ja ba. Muka kwantar da Yaya a kujerar baya, muka ba shi maganin da likita ya rubuta, wanda ke sa shi barci. Ni na zauna gaba. Hasken rana yana dukan gilashi yana komawa fuskarsa, sai na ninke wani mayafina mai kauri na shimfiɗa a kan dashbod, gindin gilashin gaba, na ɗaga gefensa ya tare hasken. Wannan shi ne kuskurena na farko, ban kuwa san na yi ba.

Kafin mu kai Nikki muka lura mutane na mana wani abu. Masu babur suna kaucewa. Wani tsoho a bakin hanya ya cire hula. Motar da ke zuwa ta gabanmu ta rage gudu, direban ya ɗaga hannu biyu kamar mai addu'a. Ndagi ya ce, "Mutanen ƙasar nan akwai ladabi."

A iyaka ne muka gane. Jami'in ya leƙo ya ga mutum a miƙe a baya an lulluɓe shi, ya sassauta murya ya ce, "Allah ya jiƙansa. Ina takardar gawa?"

Daga ƙarƙashin bargo Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan ƙara mini lokaci."

Mutumin ya ja da baya har ya taka ƙafar abokinsa. Ya yi ta ba da haƙuri. Da muka koma gefe ya ce wa Ndagi, "To me ya sa kuka kunna fitila da rana tsaka?" Muka zagaya gaban motar. Fitilu biyu tar, kamar idon mage. Kowa ya sani, a hanyoyinmu motar da ta kunna manyan fitilu da rana, ga mutum kwance a baya, gawa ta ɗauko. Tun daga Paraku muke shelar mutuwar Yaya, shi kuwa yana numfashi.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ndagi, kashe ta." Ya murɗa makunnin hagu, ya murɗa dama. Babu wurin kashewa. Akwai wasu zane-zane, akwai inda aka rubuta AUTO, na karanta masa harafi-harafi, ba ta amfane mu da komai ba. Yaya ya riga ya koma barci. Ndagi ya ce, "Ko mu tashe shi?" Na ce, "Mutum na fama da ransa za ka tashe shi don fitila? Ka kashe ta ko ta halin ƙaƙa. Ba zan shiga ƙasarmu da fitilar gawa ba."

A Kosubosu ya tsaya ya buɗe gaban motar. Akwai wani baƙin akwati kusa da batir, cike da 'yan ƙananan abubuwa masu launi kamar alewar yara. Su ne fis, ta cikinsu wutar mota ke bi. Ya dinga zarewa yana mayarwa, ni ina gaba ina kallon fitila, har ta mutu. Ya jefa guda biyu a aljihu. Na ce, "Ashe Banufe na da rana." Muka yi dariya. Ina tuna dariyar nan, ba na son ta.

Saura kaɗan mu kai Kayama hadari ya haɗo. Ƙarfe ɗaya na rana gari ya yi duhu kamar magariba, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ba ma ganin rami, masu zuwa ba sa ganinmu. Wata babbar mota ta wuce ta gefenmu har madubi ya ninke. Ndagi ya gangara gefe ya ce, "Hajiya, ba fitila, ba tafiya." Ya fita cikin ruwan ya mayar da fis biyun nan. Fitila ta ƙi. Ya sake zarewa ya sake sawa, ya canza musu wuri, ya jiƙe har ƙashi. Ta ƙi. Ya kawo shawarar a naɗe fis da takardar azurfa ta kwalin sigari, yadda suke yi a tasha, sai dai ba mai shan sigari a cikinmu.

Muka zauna. Ruwa bai tsaya ba, duhu bai yaye ba. Ina duba agogon waya ina duba Yaya. Fiye da awa biyu muna zaune kamar kaji, kuma ko a lokacin ban tashe shi ba.

Shi ya farka da kansa. Ya ce, "Me muke yi a nan?" Ndagi ya kalle ni, na kalle shi, na faɗi gaskiya tun daga farko.

Ya saurara har na gama. Sannan ya ce a tashe shi zaune. Muryar da ya yi magana da ita ba ta majinyaci ba ce.

"Shekara talatin ina wannan aiki. Daga Kwatano ake kawo mini motar da ta gagari mutane. Ina kwance a bayanku, taku ɗaya, ba wanda ya ce Sale, me ya sami fitila? Wancan na boda bai san ni ba. Ku fa? Ai kun riga kun yi mini salla."



Ya ce, "Kai Ndagi, hannunka ya isa haka, riƙe mata lema. Asabe, ɗauko jakata."

Ya sa aka buɗe ƙofar gefensa don ya ji ni in ji shi. A jakar akwai wani abu kamar sukuddireba mai ƙwan fitila a ciki, da waya mai ɗan baki kamar na kada. Testa sunansa. Ya ce in maƙala bakin a jikin ƙarfen mota inda ba fenti.

"Kafin ki zargi fis, ki tabbata wuta na zuwa gidan. Taɓa kan batir, mai jan murfi."

Na taɓa, ƙwan ya kama.

"Girgiza kan. Yana motsi?"

"Ba ya motsi."

"To batir ba shi da laifi. Taɓa ƙatuwar wayar da ta shiga akwatin." Ta kama. "Ndagi, murɗa makulli, kada ka tayar. Yanzu kowane fis yana da 'yan ƙarafa biyu a gadon bayansa. Taɓa wannan, taɓa wancan. Ya kama duka biyu, lafiyarsa ƙalau. Ya kama ɗaya, ya ƙone. Bai kama ko ɗaya ba, ki faɗa mini."

Na fara bi layi-layi, ruwa na bin wuyana. Sai na taɓa inda ba a ce ba.

"Ba nan ba, daƙiƙiya! Bayansa na ce, ba gefensa ba. Haka kike auna wa mutane hatsi?"

Na ce, "Yaya, ka bi ni a hankali, yau na fara."

"Ni ma ba ni da gobe, yi sauri."

Na sami ɗaya da bai kama ko'ina ba. Ya ce, "Ramin banza ne, ba waya a bayansa. Ndagi ya ba shi masauki a kango." Na sami wani ƙarami da ya kama gefe ɗaya. Na zare na ɗaga, 'yar wayar cikinsa ta tsinke. Ya ce, "Lamba nawa ne a kansa?" Na ce biyar. "A gidan wa yake?"

Nan ne aiki ya tsaya, don shi da hannu ya san gidajen, ga shi ba ya iya tsayuwa. Ya ce a cikin murfin akwatin akwai zane, amma rubutun Turawan wata ƙasa ne. Na juya murfin. Rubutun ban san shi ba, amma lamba lamba ce ko a ina. Na dinga karanta masa: gida na kaza, sha biyar, ga hoton fitila a gefensa. Gida na kaza, biyar.

Ya ce, "Tsaya. Ke kike karanta wannan?"

"In ba ni ba, wa?"

Shi ne mutumin da ya yi mini dariya a waya lokacin da na shiga aji, ya ce tsohuwa da allo sai ka ce akuya da tabarau. Ya ce, "Ashe akuyar ta gani."

Ndagi ya sa ƙaramin mai lamba biyar a gidan babbar fitila, shi ya sa ya ƙone nan take. Shi kuma gidan mai biyar ɗin, wanda ke ba ƙwaƙwalwar fitilar wuta, ya bar shi wayam. Yaya ya sa na buɗe wani gwangwanin madara a jakarsa, cike da fis. Kowane launi da lambarsa: ja goma, shuɗi sha biyar, rawaya ashirin. Ndagi ya sake tayar da zancen takardar sigari, wai da an samu da tuni mun wuce. Yaya ya ce, "Da tuni kun gasa ni. Wanda ya sa lamba a jikinsa ba mahaukaci ba ne. Kowa gidansa, kowa lambarsa."

Na sa na ƙarshe, Ndagi ya tayar da mota, fitilu suka kama. Lokacin ruwa ya tsagaita, gari ya fara washewa. Yaya ya ce, "Me ke kan dashbod ɗin can?" Na janye mayafina. A ƙarƙashinsa akwai wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gurjiya. Ba a jima ba fitilu suka mutu da kansu. Ya ce in rufe ƙullutun da tafin hannu. Suka kama. Na ɗauke, suka mutu.

"Idonta ke nan. Kin rufe mata ido, ta ɗauka dare ne. Ita ba ta yi ƙarya ba."

Duka aikin bai kai rabin awa ba.

Mun shiga Kayama bayan la'asar. Direbobin tasha suka ce ko uwarka ce ke naƙuda ba ka shiga daji yanzu. Na yi faɗa, na yi roƙo, Ndagi ya ce, "Hajiya, ka kashe ni a nan ya fi." Ya yi gaskiya. Wata mai abinci a bakin tasha, Mama Sikira, ta ga halin da muke ciki ta ba mu ɗakin 'yarta. Ta kawo amala, ta dama wa Yaya koko, ya sha cokali huɗu. Ranar ya yi magana fiye da duk kwanakin Paraku. Ya tambayi mangwaron tsakar gidanmu, ya tambayi ko jirgin ƙasa na wucewa har yanzu.

Da hantsi muka bi ayarin motoci muka ratsa daji. Wannan karon baya na zauna, kansa a cinyata. Duk abin da za a yi sai na tambaye shi, ko tsayawa shan mai ne. A Mokwa ya ce, "Yanzu kuma kin dame ni." A Bida bai ce komai ba. Bayan Kataeregi ya buɗe ido ya ce, "Ina muke?" Na ce mun kusa. Na ji yana kalmar shahada a hankali, na taya shi. Ndagi yana ta gudu a ramukan nan yana kuka yana ba motar haƙuri.

Daidai Garatu na ji nauyin kansa ya canza. Wadda ta taɓa riƙe mutum ta san abin da nake nufi. Daga Garatu zuwa ƙofar gidanmu bai fi rabin awa ba.

Masu ta'aziyya suna cewa kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, ban yi jayayya da Mai Sama ba. Amma ni na shimfiɗa mayafin, ni na ce kada a tashe shi. Kada wani ya ƙara ce mini in daina faɗa.

Ban buga waya gida ba. Na tarar da Inna a bakin ƙofar ɗakinta, ta yi wanka ta sa turare tun azahar. Ta ji tsayuwar mota, ta ji tafiyata ni kaɗai. Ta ce, "Asabe, ba ki cika mini ba."

Na durƙusa na faɗa mata komai, ban rage wa kaina ko ɗaya ba. Mayafin, fis ɗin, awannin da muka zauna a ruwa. Ina jira ta ce wani abu da zan ɗauka har kabarina.

Ta ce, "Da ya tashi, me ya ce miki?"

Na fara faɗa mata a taƙaice. Ta ce, "A'a. Yadda ya faɗa."

Sai na gyara murya, na yi mata shi. Na yi mata "Wa ya bar ki kika ƙetare boda." Na yi mata "Ranka ya daɗe, a ɗan ƙara mini lokaci." Maza sun cika zaure ana maganar likkafani, ni ina tsakar gida ina kwaikwayon Yaya da ƙarfi, ina cewa, "Ba nan ba, daƙiƙiya! Haka kike auna wa mutane hatsi?"

Inna ta sa hannu ta laluba fuskata, ta riƙe haɓata.

Ta ce, "Sake faɗa."